Ƙiftawar Idon da Goggo Hatsue Ta Hana a Goge

Ƙarfe bakwai da rabi na kowace safiya, kafin mai taliyar da ke sama ya ɗora ruwa, Kuwabara Hatsue ta riga ta jingine kekenta, ta sauka ɗakin wasannin bidiyo da ke ƙarƙashin layin kasuwarmu a Osaka. Ba ta buɗe wa kowa ƙofa sai ta zagaya injuna ashirin da huɗu, tana danna maɓallai, tana juya sanduna, tana kasa kunne. Wanda ya yi ƙarar da ba ta gamshe ta ba, nan take za ta durƙusa ta buɗe cikinsa, ga dalma, ga tabarau a ƙarshen hanci. Shekara talatin da huɗu ke nan, kuma a ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, don idanu sun fara ƙin ganin ƙananan wayoyi.

Abin haushin, je ka tambayi masu wasan nan cikakken sunanta, ka ga yadda za su yi ta sosa ƙeya. Goggo kawai suka sani. Goggo, sanda ta saki. Goggo, maɓalli ya maƙale. In sun yi nasara, gwanintarsu ce. In aka lallasa su, injin Goggo ne bai da kyau. Ita kuwa sai ta zaro alewa daga jaka ta tura wa mutum, ta ce, "Sha, ka rufe mini baki. Injin lafiyarsa ƙalau, hannunka ne ya tsufa."

A cikin injunan akwai guda biyu da suka juya wa juna baya a lungu, ƙwaƙwalwar lantarki ɗaya ke tuƙa su, mai ɗauke da wani tsohon wasan dambe da aka daina ƙerawa tun da daɗewa. Kowa ya san yadda abin yake: kana zaune a wannan gefe, abokin karawarka a wancan, ba ka ganin fuskarsa, kuma leƙa shi rashin kunya ne. A nan Morishita direban babbar mota da Tsujimoto mai shagon magani suke kashe junansu kowace Asabar tun suna samari. Yanzu duka biyun sun haura hamsin, ɗaya har da jika, amma ba su daina jifan juna da baƙar magana ta saman injin ba.

Ƙwaƙwalwar nan ita ce damuwar Goggo. Ta yi mata faci har ta rasa inda za ta ƙara ɗora dalma, kayan gyaranta sun ƙare a kasuwa, kuma ta fi kowa sanin cewa ranar mutuwarta ta kusa. In ta mutu, wasan ya tafi ke nan daga unguwarmu.

Ana cikin haka wani kamfani ya tashi haɗa tsofaffin wasannin dambe goma sha biyu a faifai ɗaya, don mutane su riƙa bugawa a gida. Suka turo wani ma'aikacinsu mai suna Uemura, da kwat da akwatin tsaraba, ya miƙa katinsa da hannu biyu, ya roƙa a gwada nasu kusa da na asali. Goggo ta ji daɗi ƙwarai, don ta ga mafita. Ya jona, ya kunna. Launi ya yi kyau, kiɗa ya fita tas. Ta tsaya a bayansa minti uku, sai ta ce ya kashe.

"Ina ƙiftawar?" in ji ta.

"Wace ƙiftawa, Malama Kuwabara?"

"In 'yan damben biyu suka jefa wa juna wuta a lokaci ɗaya, wasan yakan ja ƙafa kamar ƙiftawar ido. Ina take?"

Uemura ya yi murmushin wanda ke jiran yabo. "Ai wannan matsala ce. Tsohuwar ƙwaƙwalwa ce ba ta iya ɗaukar nauyin. Mun gyara."

"Kun gyara! Wa ya ce muku ta lalace?"

Jama'a, ku ji wani aiki. Shekara talatin mutane suna gina dambensu a kan wannan ƙiftawa. A cikinta Tsujimoto ke tsalle ya sauko wa mutum da ƙafa a ka, a cikinta Morishita ya koyi tare shi. Yatsunsu sun haddace ta fiye da lambar wayar gidansu. Sai wasu masu ilimi, a bene na ashirin, waɗanda ba su taɓa zama a wancan lungu ba, suka share ta kamar datti, har suna alfahari.

Ranar Asabar ta zaunar da mutanen biyu a gaban na kamfanin, Uemura yana kallo. Tsujimoto ya yi tsallensa na kullum, ya faɗo a banza, aka kwashe shi. Ya sake, aka sake kwashe shi. Morishita ne ya fara cire hannu, shi da ke cin nasara.

"Kai, mai magani, yau ƙwayar barci ka sha?"

"Rufe mini baki, direba. Wannan ba wasanmu ba ne, mai kama da shi ne."

Kamfanin ya so ta buga hatiminta a takardar cewa an gwada, daidai yake da na asali. Ta ƙi. Uemura ya dawo sau biyu da tsaraba, ta karɓi tsarabar ta raba wa masu wasa, hatimi kuwa yana cikin jaka. Ya ce ranar fitarwa ta matso, manyansa ba za su saurara ba, mutum nawa ne ma za su lura? Ta ce masa biyu, ga su can a lungu. Mai ɗakin wasan ma ya sa baki, ya ce ta yi haƙuri ta buga, kamfani ne babba. Har ni da nake wannan rubutu na ce mata taurin kan ya isa, rabin wasa ai ya fi babu. Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce in wasan da za a bar wa jikoki na ƙarya ne, gara su san ya mutu.

Kuma ba ƙi kawai ta yi ta zauna ba. Mako shida tana ɗaukar hoton allon tsohon injin, tana ƙirga motsi ɗaya bayan ɗaya da idanun nan da ke mata ciwo, tana rubuta inda ƙiftawar ke farawa da inda take ƙarewa a kowane irin bugu. Littafi biyu ta cika da fensir. Ta kai wa kamfanin da kanta a jirgin ƙasa, ranar hutunta. Uemura, a faɗi gaskiya, ya yi ƙoƙari, ya tsaya a gaban manyansa har aka ɗage fitarwar, aka mayar da ƙiftawar inda take. Ranar ce hatimi ya fito daga jaka.

Faifan ya fito, kuma ya yi kyau, ba ƙarya. Na zauna na karanta sunayen da ke ƙarshensa, sama da ɗari biyu, har da wanda ya zana kwali. Na Goggo fa? "Godiya ga wani ɗakin wasa a Osaka." Wani ɗakin wasa! Sai ka ce bango ne ya cika littattafan nan.

Goggo Hatsue, ke ce kika tsaya lokacin da mu duka muka ce a bari ya wuce. Ke ce mai kunnen da ke jin ciwon inji kafin ya kwanta. Ba ki taɓa cin kowa a wasan nan ba, ke da kanki kin ce ko jefa wutar ba ki iya ba, amma babu wanda ya san shi kamarki.

Tsohuwar ƙwaƙwalwar ta mutu ranar wata Laraba da safe, a hannunta. Ba ta gaya wa kowa ba sai mai ɗakin. Ta cire ta, ta naɗe a tawul, ta jona na'urar da ke ɗauke da faifan a cikin injin, ta rufe. Asabar ta zo, direba da mai magani suka zauna, kowa a gefensa. Wuta ta haɗu da wuta, wasan ya ja ƙafa, Tsujimoto ya tashi sama ya sauko wa Morishita a ka. Aka yi ta zagi da dariya har awa biyu. Da za su tafi, Morishita ya daki gefen injin ya ce, "Tsohon inji daban ne, Goggo. Na gida ba zai taɓa kamo wannan ba."

Ta buɗe ƙofar cikin injin ta nuna musu. Sannan ta kwance tawul ɗin. Suka ga matacciyar ƙwaƙwalwar a ciki.

"Shekara talatin da huɗu ina muku gyara ba ku taɓa lura ba," in ji ta. "Yau ma ba ku lura ba. To, yau ne kawai abin ya yi mini daɗi."

Mun gode, Kuwabara Hatsue, da cikakken sunanki tunda kamfani ya kasa rubuta shi. Ku kuma da aka ba amanar abin da mutane suka daɗe suna ƙauna, ku yi koyi da ita: kafin ku gyara, ku sauko ku tambayi masu abin. Sauran kwana tara ta ajiye aiki. Wanda ya taɓa zama a ɗakin nan ya sauka ya kira ta da sunanta ko sau ɗaya, kuma wannan karon shi zai zo da alewar.