Funkason Zaituna a Gidan Musyu Ohayon

Zaituna haifaffiyar Jidda ce. Kakanta ya zo aikin hajji da ƙafa daga ƙasar Haɗeja, bai koma ba. A unguwar Ruwais ta tashi, a nan ta yi aure, a nan kuma ta yi suna da funkaso. Na daɗe ina maƙwabtaka da ita, lokacin ina akawu a wani kamfanin bututu a unguwar masana'antu ta Jidda, kuma na shaida abu ɗaya: ba a taɓa mayar mata da abinci ba. Wanda ta aika wa kwano, ko suna gaba, sai ya ci.

Mijinta Lado kuku ne a gidan injiniyan kamfaninmu, Musyu Ohayon. A takarda Bafaranshe ne. Mu kaɗan ne muka san cewa shi da matarsa Madam Simi Yahudawan Maroko ne, kuma ba ma kai zancen waje. Lado bai faɗa wa Zaituna ba, wai bakinta ba ya riƙe magana.

A watan Afrilu na 1981 idinsu da ake kira Fesah ya faɗo da faɗuwar rana ranar Asabar. A kwanakin idin ba sa cin abin da aka kwaɓa da alkama ya tashi, ba sa ma barin sa a gida. Asabar kuwa ranar hutunsu ce, ba girki, ba kunna wuta. Saboda haka dole a gama komai tun Juma'a. Lado ya wanke kicin ƙwal, ya tafasa cokula, ya zazzage har aljihun rigunan maigida. Ranar Juma'a da safe aka ƙona guntayen burodi a bayan gida. Ƙananan burodi kaɗan aka bari, suka cinye su Asabar da hantsi a baranda, aka kakkaɓe tsumman da suka shimfiɗa a magudanar ruwa. Daga nan gidan ya tsarkaka.

Ragowar fulawa da taliya Madam ta ba Lado, ya kawo gida. Da Zaituna ta tambaye shi dalili, sai ya ce kawai ba sa buƙata. Ita kuwa ta yi nata lissafin: wanda ya rabar da fulawarsa, ya kuma ƙi zuwa aiki ranar Asabar, wadda ranar aiki ce a Jidda, kwangilarsa ta ƙare, tafiya zai yi. Kuma mutumin kirki ba ya barin gari ba a yi masa sallama ba. Da fulawar tasu ta kwaɓa funkaso, ta sa yisti sosai.

Ranar Asabar ɗin bayan azahar ta leƙo gidana da tire, ta ce in tashi in kai ta gidan Musyu. Ta rufe tiren da mayafi, ni kuma ban tambaya ba, sai a mota na ji ƙamshi. Na fara yi mata hanya-hanya, ta ce in kula da titi.

Lado ne ya buɗe ƙofa. Yana ganin tiren ya tare hanya da jikinsa.

"Alhaji, matsa mini," in ji ta. "Kai ne maigadi yanzu?"

Ya ce ta koma, zai yi mata bayani a gida. Ta ce bayanin da bai yi jiya ba ya riƙe abinsa. Hayaniyar ta fito da Madam da Musyu. Zaituna ta yaye mayafin, ta miƙa tiren. Madam ta mayar da hannuwanta baya.

Tiren ya tsaya a tsakani, ba mai karɓa. Da Larabci Zaituna ta tambayi Madam ko ta ga ƙazanta ne.

Musyu ya dubi matarsa, ya dubi titi, sannan ya rage murya ya gaya mata gaskiya: su wane ne, da abin da idin ya hana su. Zaituna ta saurara har ya gama. Sai ta juya wajen mijinta.

"Ashe mutane ibada suke yi, ka bar ni ina zuba yisti."

Madam ta yi dariya har da hawaye. Ta ce a garinsu, daren da idin ya ƙare, maƙwabtansu Musulmi ne ke kawo musu burodin farko, kuma tun da suka bar Maroko ba wanda ya kawo musu. Ta roƙi Zaituna ta zo ranar.

"Halas, shi ke nan," in ji Zaituna. "Amma wannan tiren ba zai koma gidana ba."

A bakin get aka raba shi. Masu gadi da direbobi suka cinye tas, wani Bayamane har yana tambayar ko akwai ƙari.

Ranar da idin ya ƙare, bayan magariba, na sake kai ta. Wannan karon har da miyar taushe. Madam ta karɓa da hannu biyu, ta zaunar da ita a kan teburinsu. Musyu ya ci har ya kwance bel, Zaituna kuma tana ƙara masa tana cewa ya rame. Haka ta riƙa yi duk shekara har suka bar Jidda. Lado kuwa, tun daga ranar shi ke wanke mata kaskon suya, tarar ɓoye mata zancen da ya yi.