Baba Duhu, Mai Zaɓa Mana Allo

Ƙarfe bakwai da rabi yake buɗe shagon wankin hoto. Zai saki labulen taga, ya goge allon kwamfuta da wani tsohon ƙyalle mai laushi, ya kunna, sannan ya zauna shan shayi. Ko wane ne ya zo da gaggawa sai ya jira rabin awa, wai allo ma sai ya wartsake kafin ya faɗi gaskiya. Masu ɗaukar hoto sun yi mita har sun gaji.

Baba Duhu suke ce masa, tun zamanin da yake wuni a ɗakin duhu, da jan fitila da tasoshin ruwan magani, ya fito yana ƙifta ido, yatsunsa duk sun rine. Wa zai manta da warin ɗakin nan, da hotunan da ke shanye a igiya suna ɗiga? Da kwamfuta ta zo, sa'o'insa suka tattara suka bar sana'ar. Shi kuwa ya zauna ya koya, yana danna madannai da yatsa ɗaya, yana tsaki.

Masu sayar da allo ba sa murnar ganinsa. Duk wanda zai sayi na gyaran hoto, Baba ne ɗan rakiya, da filashar kwamfuta mai hotunan fuskoki a aljihu da hoto wankakke na mutum biyar, daga fari sol zuwa baƙi wuluk. Su nuna masa allo mai ƙyalli, furanni na ta walƙiya, ya ce, "Cire min furen nan, ɗana. Fure bai taɓa dawowa ya ce ba shi ba ne." Sai a sa fuskokin, a rage haske, ya kara takardar a gefe, ya leƙa ta dama, ya leƙa ta hagu. Allon da ya haɗiye kumatun baƙin mutum, ko kyauta ne ba ya so.

A watan jiya wani direba ɗan shekara hamsin ya kawo wa wata mai gyaran hoto, wadda Baba ya koya wa aiki, hoto ɗaya tilo na mahaifiyarsa, wadda ta rasu wajen haihuwarsa. Hoton ya koɗe, launin ya tafi. Mutum ɗaya ta rage a duniya da ta san fuskar, ƙanwar marigayiyar, tsohuwa mai fama da jiki, kuma jibi za a mayar da ita gida. Tsohuwar ta zauna gaban allo ana gyara har ta ce, "Yauwa, ita ce." Da aka wanke, ta tura takardar gefe.

"Wannan jar matar fa? Yayata baƙa ce. Kada ku ba yaron nan uwar wani."

Sau biyu ana haka. Allon ne ya tsufa ya dusashe, mai gyaran tana ta ƙara haske ba ta sani ba. Ta ruga wurin Baba, ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba, suka tafi kanti.

Aka jera alluna uku. Baba ya matsa kusa, ya ja baya, ya goge tabarau, ya sake matsawa. Ya daɗe. Can ya miƙa mata takardar.

"'Yata, ke za ki zaɓa."

"Haba Baba, kana tsaye?"

"Tun bara nake ganin hazo. Ban faɗa wa kowa ba ne. Duba mutumin ƙarshe, kina ganin inda gashinsa ya rabu da goshi?"

"A na tsakiya kawai."

"To ɗauko shi mu tafi."

Ta ce ita dai da ƙyar ta ga hanyar fita, don hawaye. Washegari tsohuwa ta riƙe sabon wanki da hannu biyu, ta kira yayarta da sunan da suke tsokanarta suna yara. Direba ya karɓa ya kai gaban taga, ya tsaya nan yana kallonsa, aka bar shi.

Baba, kai ne ka ƙi yarda a canza mana fata don allo ya yi kyau. Shekara arba'in da biyu kana mayar wa mutane iyayensu yadda Allah ya yi su, sunanka bai taɓa hawa bayan hoto ko ɗaya ba. Ranar Asabar ka ajiye aiki, ka miƙa makulli, kuma wallahi mun ji zafin abin. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba ka lafiya.

Masu sana'a, ku yi koyi da shi, ku koyar tun idonku na gani. Kuma ku riƙa leƙa shi a gida, yana son baƙi. In kun je, ku faɗi ko ku waye tun daga bakin ƙofa, kada ku tsaya jiran ya gane fuskarku.