Cittar Tulu da ta Kwalba

Ni dai na gaji da daka tun ban kai ko'ina ba. A gidanmu na unguwar Hausari, duk jajiberin kasuwa sai Inna ta zube mini ɗanyar citta a turmi, in yi ta kirɓawa har idona ya yi ja. Ita ke tacewa, ta sa tsamiya da kanumfari da sukari, ta juye a tulu ta rufe. In ya kwana sai ya fara 'yar kumfa, ya gurɓace kamar ruwan gulbi da damina, yana yankar maƙogwaro. Ba ta bari ya wuce haka, ta ce daga nan kuma sai a faɗa abin da Allah ya hana. Wannan lemon Baba ke tafiya da shi Kasuwar Shanu a gora, domin dillali ne, wuni yake yana magana a rana.

'Yan shekaru bayan an ba mu jihar Yobe ciwon ciki ya sa shi gaba. Likita ya ce gyambo ne, ya hana shi yaji da tsami, citta kuwa ko ƙamshinta. Gaskiya na ji daɗin hutun da hannuna ya samu. Ashe aikin da ya fi daka ne ke jirana: dama koko tsararo, wanke kwanon amai, lallashin dattijo mai taurin kai ya ci ko loma ɗaya.

Yayana direban tirela ne, yana kai shanu Kudu. Shi ya fara zuwa da lemon citta na kwalba, na kamfani. Garau yake, launin shayi marar madara, kuma inji ne ya ɗura masa iska, ba kwana ya yi ba. Baba ya kurɓa, ya yi gyatsa, ya ce wannan ai ruwan sukari ne, citta daga nesa ta ɗaga masa hannu ta wuce. Amma shi kaɗai cikinsa ke riƙewa, in an bar shi a buɗe iskar ta fita. Haka ya yi ta sha yana mita. Kullum sai ya roƙi Inna ta haɗa masa na tulu ko rabin moɗa ne, kullum ta ce sai ya warke. Ni ce a tsakani, shi ya aike ni da roƙo, ita ta maido ni da a'a, har na ƙosa da su duka biyun.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Yaya ya kai shi wani babban asibiti a Maiduguri. Suka dawo da leda cike da magani, Baba yana ta gaya wa masu dubiya an ce masa da sauƙi. Yaya kuwa ya ja Inna ɗakinta, suka daɗe. Da ta fito ba ta yi kuka ba. Ta kira ni, ta ce in wanke tulu, in ɗauko turmi.

Na daka. Hannuna ya manta aikin, kafaɗata ta yi tsami. Na san Baba yana jin taɓarya daga ɗaki. Washegari da hantsi Inna ta cika moɗa, ta kai masa da kanta, ta durƙusa a gefen tabarmarsa. Ƙamshin ya cika ɗakin. Baba ya dubi kumfar, ya dubi Inna, bai miƙa hannu ba.

"Me likitan ya gaya wa yaron nan?" in ji shi.

Inna ta ce, "Ka sha, Malam. Ba shi kake ta nema ba?"

Ya kawar da kai wajen bango. Ina tsaye bakin ƙofa, tsoro ya kama ni. Can ya kira ni, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ɗauke wannan, 'yar nan, ki kawo mini na kwalbar. Ai ban warke ba tukuna."