Man Yasmin a Ƙafar Baba

Har yau in mace ta gifta ni da turaren yasmin a jikinta, sai yawu ya cika mini baki, in nemi inda zan tofar. Jikokina dariya suke yi, wai tsohuwa ba ta san abu mai tsada ba. Na san shi tun ba a haifi iyayensu ba.

Gwaggona, yayar Baba, ita ta kawo mana shi. Wani Babarbare ɗan kasuwa ta aura a Gafasa, suka tafi Makka ta ƙasa, suka yi shekaru a Sudan a kan hanya. Ta dawo da kwalabe uku na man yasmin da ɗan reshe a gwangwani, ta dasa inda take alwala, ya kama. Daga nan babu cutar da yasmin ba ya magani a bakinta. Ciwon kai, a jiƙa furen a ruwan zafi a sha. Rashin barci, a sa a ƙarƙashin matashi. Mai jego ta shafa man, amarya a zuba mata a humra, busasshen furen a watsa a adakar kaya. Ba zan yi mata ƙarya ba, ni kaina na taɓa sha don ciwon kai na ji sauƙi. Matsalar ita ce abin da ya biyo hanyar Makka ba a yi masa musu, Gwaggo kuwa ko a kasuwar Gaya ta sayo abu ba mai yi mata musu.

Shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira, aka kawo ni gida goyon ciki, ƙauyenmu kusa da Kademi, cikina wata bakwai. Na tarar fartanya ta sari Baba a ƙwauri wajen cirar gyaɗa, kwana goma ke nan, Gwaggo ta tare a gidan tana jinya. Kullum da hantsi sai ta daka ganye da fure, ta kwaɓa da man, ta cusa a ciwon, ta ɗaure da tsumma. Ɗakin Baba ya koma kamar shagon mai turare. Masu dubiya suna fita suna cewa masha Allah, ciwo ko wari babu.

Ni kuwa tun daga zaure na ji shi. Ciki ya buɗe mini hanci. A ƙarƙashin ƙamshin nan akwai wani wari, irin na naman da aka manta a rufaffiyar tukunya kwana uku. Ƙamshin bai kore shi ba, zaƙi ma ya ƙara masa, wannan ne ya fi tayar mini da zuciya. Inna tana fama da sussuka da girki, sai wankin tsummokaran ya faɗo kaina. Ruwan ya koma kore-kore, maiƙo yana yawo a sama, ƙudaje su bi ni har bakin shanya. Nakan wanke hannu da toka sau uku, amma in na kai lomar tuwo baki sai in ji shi a yatsuna.

A wurinmu da hanci ake gane ciwon da ya ɓaci. Tsohon wanzamin gidanmu ya zo dubawa, Gwaggo ta hana a kwance, wai iska za ta shiga. Ya sunkuya ya shinshina ta saman tsumma, ya ɗago ya ce lafiya lau, a ci gaba. Na so in kwaɗa masa muciya.

To me ya hana ni magana? Ni 'yar fari ce. Baba bai taɓa kiran sunana ba, ni kuma ban taɓa wuce bakin ƙofarsa ba, nan nake durƙusawa in gaishe shi in tashi. Ta yaya 'yar fari za ta buɗe baki ta ce mahaifinta yana wari? Na gaya wa Inna a madafi, a kaikaice. Ko kallona ba ta yi ba, ta ce ciki ne. Maganar ta kai kunnen Gwaggo, ta yi dariya ta ce masu cikin fari ko ruwan randa wari yake musu, ta ɗebo mini furen in riƙa shinshinawa. Na karɓa da hannu biyu, har na yi godiya. Har gobe ina jin haushin kaina a kan wannan godiyar.

Haka muka ƙara mako biyu. Baba ya daina cin tuwo, zazzaɓi ba ya sakinsa, Gwaggo ta buɗe kwalba ta biyu. Wata safiya na warware tsumma zan jiƙa, na ga abu yana motsi a cikin dakakken furen. Tsutsotsi ne, farare, ƙosassu. Ban san lokacin da na ɗauki tasar wankin na shige ɗakin Baba ba, na dire ta a gaban Gwaggo.

“Gwaggo, ƙafar nan ta ruɓe.”

Ta buɗe baki za ta zage ni, sai idonta ya faɗa cikin tasar. Baba ya juya fuskarsa bango. Ranar kasuwa ƙanensa ya samo mota aka kai shi asibiti a birni, aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Gwaggo ta tattara ta koma Gafasa, ko sunan ɗana ba ta zo ba.

Ina cikin wankan jego aka dawo da shi. Na je bakin ƙofa na durƙusa kamar kullum, na gaishe shi, zan tashi ya ce in dakata. Idonsa yana kan tabarma.

“Ke kin ji tun ranar da kika zo, ko?”

“Na ji, Baba.”

“Ni tun kwana na huɗu na ji. Da shi nake kwana.” Ya shafa inda aka yanke. “To, Yaya ce. Ta taso tun daga Gafasa da kwalbarta.”

Wannan ce magana mafi tsawo da ta taɓa shiga tsakanina da mahaifina. Na tashi na zaga bayan ɗaki na yi amai, alhali babu ciki a jikina.