Jiƙaƙƙen Buhu a Kan Akwati

Shekarar da sojoji ke shirin miƙa mulki ga farar hula, kowa a Gidan Sori maganar zaɓe yake yi, ni kuwa ina fama da wayoyi biyu. Baƙo ne ni a garin, daga Agiye aka kawo ni in haɗa akwatin da zai riƙa kunna famfon shato, wato babban tankin ruwan gari, ya kuma kashe shi da kansa. Komite mai kula da ruwan garin ya ba ni mako guda. In bai yi ba, in kwashe tarkacena a kira wani daga Maradi.

A cikin akwatin akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa mai ba da umarni, sai wasu guntaye biyu, ɗaya agogo ne, ɗaya yana auna ruwan shato. Wayoyi biyu ne kawai tsakaninsu, ɗaya na buga lokaci, ɗaya na ɗaukar magana. Ƙwaƙwalwar ta kira kowanne da lambarsa, shi kuma ya amsa. Da safe lafiya lau suke amsawa. Ana yin azahar sai su yi tsit, famfo ya tsaya, mata su jera bokitai suna harara ta.

Na sake lambobin, na rage tsawon wayar, na sake narka dalma a kowane haɗi. A banza. Abin da ya fi cin raina shi ne babu wanda zan gaya wa. Wa zan tara a rumfar mai shayi in ce masa agogo ya ƙi amsa kira? Kewa ta ishe ni, wallahi. Mai gadin famfon kaɗai, wani dattijo mai ƙarancin magana, ke tambaya ta ko jikin akwatin da sauƙi, kamar mara lafiya muke jinya.

Rana ta biyar na kama hanyar cin abincin rana kamar kullum, sai na fasa, na dawo da wuri. Sai na tarar da akwatina lulluɓe da buhu, ruwa na ɗiga. Na yaye, na buɗe, na ga laima ta kwanta a kan haɗin wayoyin. Na sa mita, wutar da ya kamata ta tsaya sama a wayar magana ta zube ƙasa.

Ashe dattijon ne. Ya taɓa ƙarfen ya ji zafi, shi ne kullum in na tafi yake jiƙa buhu ya rufa masa, yadda ake yi wa jarkar ruwa ta yi sanyi. Kafin in dawo ya cire, don kada in ce ya yi shisshigi.

Ni da baƙar zuciya, na rufe shi da faɗa a gaban matan nan. Na ce ya kusa kashe mini aiki, na ce abin da bai sani ba ya bar shi. Ya naɗe buhun a hankali.

"Tausayinsa na ji," in ji shi. "Na ga kai kaɗai ke gare shi."

Na shanya akwatin, na yi masa rumfar kara. Famfo bai ƙara tsayawa ba, komite ya bar mini aikin, na yi shekara biyu a garin. Na ba dattijon haƙuri har sau uku, ya ce ba komai. Amma a da "ɗana" yake ce mini, daga ranar sai ya koma "Mushe", yadda ake kiran baƙon ma'aikaci da Faransanci, har na bar Gidan Sori.