Muryar da Ta Riga Ni Kiran 'Yata

Mu biyar ne ranar, kuma wallahi har yau zan iya nuna muku inda kowa ya zauna a motar. Akwai Hajiya Memuna, Badagomba daga arewacin Gana, mai atamfa, ita ta kawo shawarar tafiyar, akwai Ayishetu ta unguwar Mamobi, mai dariya ba dalili, akwai Malam Isaka direban motar hayar da ake ce wa turoturo, ɗan unguwar Madina, sai ni, sai 'yar farina. Sunanta kam ku dakata tukuna.

Lokacin ina sayar da koko da ƙosai a Nima, cikin Ankara ta ƙasar Gana, inda fataucin goro ya kawo mu daga Katsina ni da maigidana, Allah ya jiƙansa. Shekarun nan ne da ake bin layin sabulu da sukari. A gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, haka uwata ta yi wa yayana, haka ni ma na yi. "Ke" nake ce mata, ko "'yar nan". Ita kuwa a Nima aka haife ta, ta tashi tana jin maƙwabta suna ƙwala wa 'ya'yansu kira har da kirari. Tana da shekara ashirin da biyu, ta ƙware a ɗinki, wata rana tana gwada min riga ta ce, "Mma, wai kin ma san sunana?" Na ce ta rufe min baki, rashin kunyar Zango, unguwarmu ta baƙi, ce ke damunta.

Kwana uku bayan babbar Salla Memuna ta ce mu hau dutsen Aburi mu hango teku daga sama. Ni ban ga amfanin hawan dutsen da ba a raba komai a samansa ba, amma ba zan bar budurwa ta bi Ayishetu babu ido a kanta ba, shi ya sa na ɗaura ɗamara.

Da hantsi muka bar motar a gindin dutsen muka kama 'yar hanya cikin gonakin rogo da ayaba, Isaka a gaba, Memuna tana haki tana tsine wa shawararta, gwiwoyina suna ƙara ban nuna ba. Sai azahar muka kai. To, gaskiya wurin ya yi kyau, ba zan hana shi ba. Ga Ankara can ƙasa kamar an baza gero a faifai, ga teku yana ƙyalli kamar sabon kwanon rufi. Muka yi salla, muka buɗe shinkafa da wake.

Ba mu gama ci ba wani farin gajimare ya taso ya rufe mu, har tafin hannunka da ƙyar kake gani. Isaka ya ce, "Kowa ya zauna inda yake, gabanmu rami ne. In kun ji kira, kada ku amsa sai kun ga mai kiran."

Bai rufe baki ba aka kira 'yata. Daga wajen ramin. Da muryata, jama'a, har da dishewar nan da hayaƙin suya ya bar min. Sunanta sak, sau uku, a hankali, da wani irin taushi da ni ban taɓa yi wa kowa ba. Memuna na riƙe da hannuna, ta dubi bakina ta gan shi a rufe, ta hau salati.

"Na'am, Mma!" Da murna 'yata ta amsa, ta miƙe, na ga koren mayafinta yana shigewa cikin farin nan.

Na ce, "Ke! Ke 'yar nan, dawo!" Ko waiwaye. Memuna ta girgiza ni da Hausarta ta Zango, "Kira sunanshi mana! Yaronka ne, kira shi!" Sunan ya zo har kan harshena, sai na tuna ga Isaka, namiji, ga ƙawaye, kuma na rantse da wanda raina ke hannunsa, kunya na ji. 'Yata na tafiya bakin rami, ni ina jin kunya. Ayishetun nan da na raina ita ta rarrafa ta cafko ƙafarta. Takalmin 'yata ɗaya ya faɗa ramin, ba mu ji saukarsa ba.

Da gajimaren ya yaye, ta zo ta durƙusa gabana, hawaye da dariya a haɗe, ta ce, "Mma, kin kira ni."

Da na yi shiru, da shi ke nan. Amma ni ce mai gaskiya, ai. Na ce, "Ni ban kira ki ba. Yaushe na taɓa?"

Maganata ta ƙarshe ke nan da ta shiga kunnenta. A gangarowa na ce ta kula da santsi, ba ta juyo ba, na ɗauka fushi ne. Ashe tana jin raɗar Memuna, tana jin kukan kaza a bayan gida, muryata ce kawai babu. An sha rubutu, an je asibiti, likita ya ce kunnenta lafiya lau. Har ta yi aure ta haihu, in na yi magana sai ta zuba wa bakina ido ta ce, "Mma, wani abu kike cewa?"

Ban san abin da ke kan dutsen nan ba, ban kuma koma tambaya ba. Abin da zan ce muku, iyaye, ku kira 'ya'yanku da bakinku tun suna ji, don akwai mai jira ya kira muku su.

Washegarin ranar da muka hau dutsen ban hura wutar koko ba, masu saye na tsaye da kwanukansu a ƙofar gida. 'Yata na shara a tsakar gida, ta ba ni baya. Na tsaya a gaban 'yan haya duka, maza da mata, na buɗe murya na ce, "Salamatu! Salamatu!"

Kowa ya juyo. Tsintsiyarta ba ta tsaya ba.