Hular Kawu Desmond

Kawuna Desmond Tranter ya yi shekaru yana zuwa New York a Konkod, jirgin da ya fi sauti gudu, amma da kyar yake ganin tekun da yake ƙetarewa. Injiniyan jirgi ne. Kujerarsa tana bayan matuƙa biyu, fuskarsa na kallon allo mai cike da maɓallai. Ɗan kwandastan bas ne daga unguwar Hounslow. Fasinjoji na can suna shan giya mai tsada, shi yana nan yana tura mai daga tanki zuwa tanki, shayinsa na hucewa.

Idan jirgin ya ɗau gudu, zafi kan sa jikinsa ya miƙe, sai wata kafa ta buɗe a gefen allon injiniya, har hannu na shiga. In ya huce, ta rufe ruf. Da aka ce an dakatar da Konkod, injiniyoyi suka san aikinsu ya mutu, don sababbin jirage ba su da kujera ta uku. A tafiyar ƙarshe Kawu ya yi abin da abokan aikinsa suka yi: ya cusa hularsa a kafar. Jirgi ya huce, ya cije ta.

"Ba mai fitar da ita, Moira," ya ce mini. "Ko kabari ba zai riƙe ni haka ba."

A gidan tarihin da aka ajiye jirgin na samu aikin farko bayan jami'a. Ranar buɗewa aka yi wa attajirai liyafa ƙarƙashin fiffike. Suka cika aljihu da cokula, wata mata har alamar ƙofar ban ɗaki ta ɓalle. Na leƙa ɗakin matuƙa, na tarar da wani ƙato, fuska ja wur, yana yankar hular da wuƙar nama.

"Matsa, 'yammata," ya ce. "Kin san sau nawa na hau jirgin nan?"

Ya ƙarasa yanke ta, ya cusa a aljihu, ya fice.

Washegari manaja ya ɗauko sabuwar hula daga shagon tsaraba, ya liƙa ta a bakin kafar da gam. "Wa zai gane?" in ji shi.

Ranar Asabar Kawu ya zo da amininsa Clive, tsohon makanike. Ban iya haɗa ido da Kawu ba. Clive ya leƙa, ya tuntsire da dariya.

"Des, kanka kumbura ya yi tun da ka bar aiki? Wannan ai kwando ne."

Kawu bai yi dariya ba. Ya ɓamɓare hular, ya shafa bakin kafar da yatsa. Wani siririn ƙyalle na nan a cije, ragowar tasa. Ya miƙa wa manaja hular shagon.

"Riƙe kayanka, ɗan nan. Abin da ya rage ya ishe ni."

Motarsu ba ta gama fita daga harabar ba, manaja ya sake buɗe gam.